Idan hasumiya ta ce ga jirgi a gabanka, kai kuwa ba ka gan shi ba

Ɗalibi_Nima:
Assalamu alaikum malamai. Ɗalibin tuƙin jirgi yana zagayen filin jirgi, hasumiyar da ke ba jirage umarni ta ce akwai jirgi a gabansa, ya bi bayansa ya sauka. Ga hazon hunturu, ya hango wani abu amma bai tabbatar ba. Me ya kamata ya faɗa? In kuma ya gan shi, daga baya ya ɓace masa fa?

Malamin_Tuƙi:
Wa alaikumus salam ƙanena. Kada bakinsa ya furta "traffic in sight", wato na ga jirgin, sai ya tabbatar jirgin da ake nufi ne, iri da wuri da inda ya dosa duk sun yi daidai. Da zarar ya faɗi haka, mai hasumiya ya ɗauka nauyin barin tazara ya koma wuyansa, sai ya juya ga wasu jiragen. In bai gani ba ya ce "negative contact", wato ban gan shi ba, babu kunya a ciki. Za a ƙara masa bayani, ko a sa shi ya tsawaita tafiya kafin ya karya kwana.

Ɓacewar ta fi haɗari, domin ɗalibai kan yi shiru suna fatan su sake hango shi. A faɗa nan take. Ranar 25 ga Satumba 1978 a San Diego ta Amurka, matuƙan Boeing 727 na kamfanin PSA sun ce sun ga wani Cessna 172 mai ɗauke da malami da ɗalibi. Ya ɓace musu, ba su faɗa wa hasumiya ɓaro-ɓaro ba, suka sauko a kansa. Mutum 144 suka rasu.

Hajiya_Aboabo:
Malam ya gama magana kan baki, bari in taɓa ido. Ƙaramin jirgi biyu, kowanne yana gudun not 100 (not shi ne ma'aunin gudun jirgi), in suka fuskanci juna suna cinye kusan mita 100 a daƙiƙa. Hukumar jiragen Amurka ta ƙiyasta daƙiƙa 12.5 daga hangowa zuwa kaucewa, wato fiye da kilomita ɗaya ta tafi. Daga Disamba zuwa Fabrairu kuwa, farin jirgi cikin farar ƙura sai ya matso sosai ake ganinsa, ko da rahoto ya ce ana hangen kilomita 5.

Kada ka share sama da ido lokaci guda. Raba ta yanki-yanki, kamar digiri 10, ka tsaya daƙiƙa ɗaya a kowanne. Jirgin da ke motsi a gilashinka zai wuce. Wanda ya tsaya cak a wuri ɗaya yana ƙara girma, shi ne zai same ka. Ka tuna fiffiken Cessna a sama yake, yana rufe inda kake juyawa, don haka ɗaga shi kaɗan ka leƙa kafin kwana. Na Piper, wani ƙaramin jirgin, yawanci a ƙasa yake. Piper a sama, Cessna a ƙarƙashinsa, suna gangarowa titi ɗaya, babu mai ganin wani. In gaba da gaba ne, kowa ya karkata dama.

Baba_Rediyo:
Ɗana, yawancin matsalar daga maimaitawa take farawa. "Roger" na nufin na ji, shi ke nan. Lambar titi, tsayi, QNH (nauyin iskar da ake saita ma'aunin tsayi da shi), lambar turansfonda (na'urar da ke nuna ka a radar) da umarnin tsayawa kafin titi, duk sai ka maimaita su tare da sunan kiranka. A babban filin jirgin Accra titi ɗaya ne, 03 ta wannan kai, 21 ta wancan, kuma da manyan jirage kake raba shi. Kuskuren hektofaskal 10 (ma'aunin nauyin iska) a QNH ya kai kusan ƙafa 300 a tsayi, alhali zagayen yawanci ƙafa 1,000 ne daga ƙasa.

Lambar rajistar jiragen Gana duk da 9G take farawa, in an gajarta suna sai biyu su yi kama. In ka yi shakka, ce "say again", wato maimaita. Saurara kafin ka danna maɓalli, domin mutum biyu in suka danna tare ƙara kawai ake ji. In rediyo ta mutu, duba mitar tashar da maɓallin ƙara da jonin abin kunne, sannan sa 7600 a turansfonda, lambar da ke nuna rediyo ta mutu, ka kalli fitilar hasumiya. Kore tsayayye, sauka. Ja tsayayye, ba da hanya ka ci gaba da zagaye. Ja mai ƙyaftawa, kada ka sauka.