Jirgin dako ko jirgin goyo? Neman sunan Hausa ga aircraft carrier

1/ Duk ranar da rikici ya tashi a Gabas ta Tsakiya, sai ka ji mai karanta labarai yana fama da "jirgin ruwan yaƙi mai ɗauke da jiragen saman yaƙi". Kalma tara kenan, jirgi sau biyu, yaƙi sau biyu. Ya kamata mu nema masa suna.

2/ Wasu sun taƙaita shi zuwa jirgin dako. Ni dai ban gamsu ba. Ɗan dako kaya yake ɗauka, ya kai inda aka ce, ya sauke, ya karɓi kuɗinsa. Babu ruwansa da abin da ke cikin buhu.

3/ Wannan jirgi kuwa ruwansa ne ƙwarai. Dubi dokar Amurka: tun 1926 aka kafa cewa ba wanda za a damƙa wa irin wannan jirgi sai hafsan sojan ruwa da ya yi horon aikin jirgin sama. A yau dokar ta haɗa matuƙa da hafsoshin da ke tashi tare da su suna kula da rada da makamai. Ko ka shekara talatin a teku, in ba ka san sama ba, kujerar ba taka ba ce.

4/ Shi ya sa William Halsey, hafsan sojan ruwan Amurka, da aka yi masa tayin jirgin Saratoga, ya koma makarantar tuƙin jirgin sama a Pensacola. Ya kammala a 1935 yana da shekara 52, cikin samarin da ya isa ya haifa. Ernest King, wani hafsan, shi ma sai da ya bi ta wannan ƙofa a 1927 kafin ya riƙe jirgin Lexington. Yanzu hanyar ta ƙara tsawo: karatun injin nukiliya, zama mataimakin kwamanda, riƙe wani babban jirgin ruwa tukuna. Amy Bauernschmidt, matuƙiyar helikwafta, ta bi duk matakan nan kafin ta karɓi jirgin Abraham Lincoln a 2021, mace ta farko. Ingila ba ta da wannan sharaɗi na horon jirgin sama.

5/ Dalilin dokar a bayyane yake. Jirgin sama zai dawo da dare, teku na jijjiga filin sauka, ƙugiyar da ke wutsiyarsa ta kama wayar ƙarfe da aka shimfiɗa, ya tsaya cikin daƙiƙa biyu ko makamancin haka. Wanda zai ce a juya jirgin ya fuskanci iska, ko a dakatar da sauka, gara ya zama ya taɓa jin wannan fargaba a cikinsa.

6/ Don haka nake ba da shawarar jirgin goyo. Mai goyo ta san nauyin abin da ke bayanta. Yaro ya sauka, ya yi yawonsa, ya dawo a ciyar da shi, a sake ɗaura zani. Haka jiragen nan suke tashi su dawo, a zuba musu mai, a gyara su. Jam'insa ma bai da wuya: Amurka tana da jiragen goyo 11.

7/ Saura air wing, wato tarin jiragen saman da ke kansa. Kada a ce fiffike, don Allah. Ayari ne, ayarin jirage, shugabansa kuma madugu. Turawan kansu har yau CAG suke kiran madugun, taƙaicen tsohon suna Commander, Air Group, duk da an sauya sunan rundunar tun 1963. Muƙaminsa ɗaya da na kwamandan jirgin goyo, su biyun suna amsa umarni daga admiral ɗin da ke jagorantar tawagar jiragen ruwan. Ɗaya da jirgi, ɗaya da ayari.

8/ Malaman gidajen rediyo, ku gwada faɗinsa da baki: "Jirgin goyon Amurka ya shiga Bahar Maliya da ayarin jiragensa." In ya yi muku nauyi a harshe, ku kawo naku mu auna.