Farar ƙwallo ta ƙi dawowa baya

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu buga sinuka, don Allah ku taimaka mini. Na daɗe ina koyon bugun da farar ƙwallo za ta daki wata sannan ta dawo baya, abin ya ƙi. Ina goga wa bakin sanda alli, ina saita shi ƙasa da tsakiyar farar ƙwallon. In na sassauta, sai ta daki ɗayar ta tsaya cak. In na ƙara ƙarfi kuma, ta yi tsalle, mai tebur ya hau harara saboda ƙyallensa.

An ce mini kada in janye sandar da wuri, in bar ta ta wuce gurbin ƙwallon. To, ta wuce har ina? Hannun baya da ke riƙe da sandar fa, a sake riƙon ko a matse? Ƙyallen teburinmu ya tsufa, ko shi ke cinye juyin da zai dawo da ƙwallon baya?