Tsakuwa a bututun madaciya: a yi wa Umma tiyata ko a ciro ta baki?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah ina neman shawara. Ummanmu shekararta 58, ta daɗe tana fama da ciwon ciki ta gefen dama ƙasan haƙarƙari musamman in ta ci abu mai maiƙo, mu duk mun ɗauka olsa ce, sai satin da ya wuce idonta ya koma ɗorawa, fitsarinta kamar ruwan shayi, ga ƙaiƙayin jiki har bata iya bacci. An yi sikanin aka ce tsakuwa ce a madaciya kuma ɗaya ta gangaro ta toshe bututun da ke kai ruwan ɗacin cikin hanji. Likita ya ce hanya biyu ce, ko a yi tiyata a cire komai lokaci guda, ko kuma a tura mu wani gari a yi abinda ake kira ERCP a ciro tsakuwar ta baki. Yayanmu ya dage wai ta baki za a yi tunda ba yanka, ni kuma wallahi kaina ya ɗaure. Wanda ya san abin nan ya taimaka mana.

Sista Binta:
Wa alaikumussalam Maman Ilham, Allah ya ba Umma lafiya. Ni nas ce, na yi shekaru a ɗakin masu tiyata, toh bari in faɗa miki abinda mutane da yawa basa ganewa. ERCP ɗin nan tsakuwar da ke cikin bututu kawai yake cirewa, madaciyar da ke ƙera tsakuwar tana nan daram da sauran 'yan uwanta a ciki. Yadda ake yi, za a ba ta maganin bacci a zura wata doguwar na'ura mai kyamara ta baki, ta wuce tumbi har farkon ƙaramin hanji inda bututun ya ɓullo, sai a ɗan tsaga bakinsa a sa wani ɗan kwandon waya ko balan-balan a jawo tsakuwar ta faɗa hanji ta fita da bayan gida. In ta yi girma, kamar ta haura milimita 15, wani lokacin bata fitowa sai an farfasa ta ko a saka ɗan bututun roba ruwan ya riƙa wucewa a dawo karo na biyu. Bayan duk wannan kuma yawanci sai an zo an cire madaciyar, kuma ba a so a ja lokaci. Kinga kenan maganar Yaya ta cewa ba yanka bata cika ba.

Kuma shima yana da nasa haɗarin, babba shine kumburin fankiriyas, wannan gaɓar da ke samar da insulin, saboda bakin bututunsu ɗaya ne da na madaciya. Shi ya sa ake saka wa mutum diclofenac ta dubura kafin a fara. Akwai zubar jini ma, da hujewar hanji amma wannan ba kasafai ba.

Abu Safwan:
Ni an yi min tiyatar shekara huɗu da suka wuce, ta buɗe ciki, don a lokacin inda nake babu mai yin ta baki kuma bani da halin tafiya. Gaskiya na sha jiki, na fi sati a kwance, sun bar min wata roba a gefen ciki da jaka tana tara ruwa kore-kore, kullum da safe nas zata zo ta auna ta rubuta, da ita na koma gida ina ɓoye ta a ƙarƙashin riga in zan je masallaci. Sai da aka sake hoto aka ga hanya ta buɗe sannan aka zare. Amma tun daga nan alhamdulillahi ban ƙara jin ciwon ba, kuma ina cin abincina ba madaciyar. Kar ku bari tsoron wuƙa ya sa ku yi ta jinkiri Hajiya, jinkirin ne ya kusa kai ni.

Dakta_Zazzau:
Allah ya ƙara sauƙi. Abinda Sista ta faɗa haka yake. Ƙarin da zan yi, tiyatar ma kala biyu ce, akwai ta buɗe ciki irin ta Malam Abu Safwan, akwai ta ƙananan huji da kyamara wadda a zama ɗaya ake cire madaciya a kuma share bututun, mutum ya tashi da wuri. In aka samu ƙwararren hannu, wannan da kuma ERCP a biyo da cire madaciya sakamakonsu kusan ɗaya ne, bambancin dai ta ƙananan hujin sau ɗaya ake shiga, ta ERCP ɗin sau biyu, kuɗi biyu. ERCP ba sabon abu bane, tun 1974 aka fara tsaga bakin bututun ta wannan hanya a Jamus da Japan, matsalarmu a nan ƙarancin kayan aiki da masu yi ne, shi ya sa ake tura mutane nesa.

Amma tambayar da ta fi damuna, Umma tana zazzaɓi ko rawar sanyi? In ciwon shawara, wato ɗorawar idon nan, ya haɗu da zazzaɓi da ciwon gefen dama to ruwan da ya taru ya kamu da ƙwayoyin cuta, wannan ba a kwana da shi a gida, kuma a nan ne ta baki ta fi, domin a buɗe hanya da gaggawa ba tare da an yanka mutumin da jikinsa ya yi laushi ba. Haka in tana da ciwon zuciya ko suga da ya ƙi saituwa. Ku tambayi likitanta girman tsakuwar da ko guda nawa ce, ko za a yi hoton MRCP, wato hoton MRI da ke nuna bututun madaciya, sannan a duba daskarewar jininta don shawara irin wannan tana hana jini tsayawa, wani lokacin sai an yi allurar bitamin K. Dan Allah a dakata da jiƙe-jiƙen maganin shawara, wannan toshewa ce, sassaƙe baya buɗe ta, hantar ma ta riga ta wahala.

Maman Ilham:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Dakta wallahi jiya da daddare ta yi rawar sanyi har muka lulluɓe ta da bargo biyu, mu mun zata maleriya ce muka ba ta magani, kuma akwai jiƙon da ƙanwarta ta kawo tana sha tun ranar Talata. Na kira Yaya yanzu yana hanya da mota, asibiti zamu koma da ita a daren nan, takardar sikanin ɗin tana jakata. A saka mu a addu'a.