Neman shawara: jitar bes ta rikice mini tun shigowar hunturu

Mai tambaya, daga Zuru

Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure, barkanku da war haka. Ina kaɗa jitar bes a ƙungiyar mawaƙan cocinmu, wani lokacin kuma a wajen biki. A cikin damina na sayi wata ta gwanjo mai waya huɗu, ƙirar Jazz Bass ce amma ba ta kamfanin Fender ba. Da ta zo lafiya lau take, hannu na gudu a kanta. Tun da hunturu ya kama sai ta sauya hali. Wayoyin sun yi nisa da wuya, musamman ta tsakiya, sai na danna da ƙarfi har yatsuna su yi tsami. Bakin ƙarafan firet, wato ƙananan ƙarafan da ke jere a kan wuya inda ake danna waya, sun ɓullo ta gefe suna karce mini hannu. Kuma ko na daidaita ta da tuna, manhajar auna murya da ke wayar salulata, da zarar na hau sama wajen firet na 12 sai muryarta ta saɓa da ta fiyano.

Wani abokina ya ce katakon ne marar kyau, kuma fentin ya yi kauri ya shaƙe sautin. Ya ce ko in kankare fentin da samfefa, ko in sa kafinta ya yi mini sabon jiki da maɗaci, ko kuma in sayar in nemi gajera tunda hannuna ƙarami ne. Kuɗina ba su da yawa, kuma wannan jita ita kaɗai gare ni. Don Allah wanne zan yi?

Wani dattijo, tsohon makaɗin bes, daga Birnin Kebbi

Wa alaikumus salam. Ɗana, kada ka taɓa fentin nan, kada kuma ka sayar. Duk abin da ka lissafa guda uku ba ruwansu da irin katakon jiki. Saiti ne da bushewar iska, kuma gyaransu bai wuce kuɗin alanki da magagari ba.

Wayoyin bes huɗu in an ɗaure su daidai suna jan wuya da ƙarfin da ya kai kilo 70 zuwa 80, dare da rana. Shi ya sa aka sa sandar ƙarfe a cikin wuyan, wadda ake kira tiros-rod, don ta riƙe shi. Itace kuwa yana shan laima yana saki. Da damina ya kumbura, da hunturu ya tsuke, to dole wuya ya motsa. Ko jitar da aka saya da miliyoyi haka take yi a ƙasar nan.

Ka fara da awo kafin ka murɗa komai. Ka daidaita wayoyin tukuna. Ka sa wani ya danne maka babbar waya, wato E, a firet na farko, kai kuma ka danne ta a firet na ƙarshe. Yanzu wayar ta zama miƙaƙƙen ma'auni. Ka duba ratar da ke tsakanin wayar da kan ƙarfen firet na 8. Abin da Fender suke ba da shawara kusan milimita 0.3 ne. In kana da fila-geji irin na makanikai masu saitin fulogi, shi ne ya fi. In babu, ka gwada da katin ATM, kaurinsa kusan milimita 0.76 ne. In ya shige ba tare da ya ɗaga wayar ba, wuyanka ya lanƙwasa fiye da kima.

Maganinsa ka sassauta wayoyin kaɗan, ka sa alanki a kan sandar, ka murɗa ta ɓangaren da agogo ke juyawa, kwata ɗaya kawai na zagaye. Ka sake ɗaure wayoyi, ka bar ta ta huta, gobe ka sake awo. Wannan wuri ne da gaggawa ke karya jita. Sai wuya ya daidaita sannan ka koma kan birij, wato ƙarfen da ke riƙe da wayoyi a jikin jita, ka sauke tsayin wayoyi: a firet na 17, ratar E ta zama kamar milimita 2.4, ta ƙaramar waya, wato G, kamar milimita 2. In kana bugu da ƙarfi ka ɗan ƙara, don kada ta riƙa zuza.

Saɓanin murya shi ne na ƙarshe, kuma sau da yawa in waya ta sauko rabinsa ya tafi, domin waya mai nisa sai ka miƙe ta kafin ta taɓa ƙarfe, muryar ta hau. Abin da ya rage: ka buga waya a sake, ka buga ta a danne a firet na 12, ka duba tuna. In ta firet na 12 ta haura, ka ja ɗan ƙarfen da wayar ke zaune a kai baya, nesa da wuya. In ta gaza, ka matso da shi gaba. Waya ɗaya-ɗaya. Amma in wayoyin sun tsufa sun yi tsatsa ba za su taɓa zama daidai ba, sai ka canza.

Wani mai sutudiyo, daga Gusau

Baba ya gama magana a kan saiti, ba ni da abin ƙarawa. Amma ɗan'uwa, kada ka ɗauka abokinka ƙarya ya yi ɗungurungum. Katako yana da nasa tasiri, sai dai ba inda ya nuna ba.

Tun da Leo Fender ya fitar da Precision Bass a 1951, sannan Jazz Bass a 1960, itatuwan da suka fi yawa a jikinsu su ne ash da alder, wuya kuma maple. Ba don tsada aka zaɓe su ba, su ne ake samu a Amurka da sauƙi kuma suna karɓar aiki. Basswood da ake rainawa ba shi da nauyi, kuma akwai jitoci masu tsada da aka yi da shi. Aibinsa laushi, yana saurin lotsewa, kuma sukurun maratayi kan yi sako-sako a jikinsa. Kamfanin Warwick na Jamus kuwa da itatuwan Afirka ya yi suna: wenge, bubinga, ovangkol.

Ni abin da kunnena ya tabbatar mini a wajen ɗaukar sauti: sabbin wayoyi, irin fikof ɗin, wato abin da ke ɗaukar sautin waya a jikin jita, tsayinsa daga waya, inda ka sa yatsa, da amfilifaya, su ne suke canza murya a fili. Bambancin alder da basswood in ganga da fiyano suka shigo, da wuya wani ya nuna maka shi. Inda itace yake da muhimmanci sosai shi ne wuya. In an yi shi da busasshen itace mai ƙarfi zai riƙe saiti. In ɗanye ne, kullum kana fama.

Fenti kuma, jita irin taka kusan tabbas irin fentin da ake kira foli ne a jikinta, mai kauri da sheƙi. Tsofaffin Fender da wani fenti da ake kira naitiro ake fesa su, kafin su koma foli wajen ƙarshen shekarun 1960. Masu tara tsofaffin jitoci suna son naitiro, amma yana tsattsagewa in zafi da sanyi suka yi saurin sauyawa, kuma robar wurin jingina jita tana narkar da shi. A yanayinmu foli rahama ne. In ka kankare shi, ka buɗe wa gumi da ƙura da laimar damina ƙofa, kuma ka karya darajarta a kasuwa.

Wani kafinta, daga Jega

Ni ba makaɗi ba ne, ƙanena ne ya sa ni a zauren nan, amma tunda an ambaci maɗaci bari in ce wani abu. Maɗaci itace ne mai kyau, dangin mahoganin Afirka ne da turawa ke yin jita da shi, kodayake wanda suka fi saye na kurmi ne, namu na nan arewa ya fi shi nauyi da tauri. Jitar bes yawanci kilo 4 ce zuwa 4 da rabi. In aka yi maka jiki da maɗaci mai kauri, kafin a tashi daga coci kafaɗarka ta gaya maka.

Babbar matsalar ma ba nan take ba. Katakon da muke saye a kasuwa yawanci bai gama bushewa ba. Ƙofa in ta ɗan murɗe sai a feffeƙe ta a ci gaba da amfani. Jita kuwa ramin da wuya ke zama da wurin da birij ke zama dole su yi daidai ƙwarai, in aka kuskure da 'yan milimita ba ta sake yin murya daidai. Ni dai in ka kawo mini wannan aiki zan ce maka a'a, don ba ni da ma'aunin yin sa, kuma ba na son in ci kuɗinka in lalata maka kaya.

Wani abin da ke damuna, madobiya da ake kira kosso, wadda ta dace da allon wuya, wato katakon da firet ke kai, an sare ta an yi waje da ita har sai da aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta taƙaita cinikinsu tun 2017. Yanzu samun babba mai kyau sai an sha wuya.

Bakin ƙarfen da ke yankarka kuwa, allon ne ya tsuke, ƙarfe bai tsuke ba. Ka liƙa salatif na takarda a gefen itacen, ka sa ƙaramin magagari mai laushi ka goge bakin a hankali, kana bi ta ƙasa-ƙasa, kada ka taɓa saman da waya ke sauka. Yanzu a cikin hunturu ne lokacin yinsa, don yanzu suka fi fitowa. In ka yi sau ɗaya da kyau, baɗi da wuya su dame ka.

Wata 'yar'uwa, daga Yauri

Yayana, ni gajera nake kaɗawa, don haka bari in faɗi abin da na sani. Ka auna daga ɗan farin abin da wayoyi ke bi ta kai a saman wuya zuwa ƙarfen firet na 12, ka ninka biyu. In ka samu inci 17, taka mai inci 34 ce, wadda ita ce ta gama-gari. Tawa inci 30 ce, irin tsayin Mustang Bass da Fender suka fitar a 1966. Akwai ta tsakiya mai 32, akwai mai 35 da ake yawan yi wa masu waya biyar don wayar B ta yi ƙarfi.

Gaskiya gajera tana da daɗin hannu. Firet na farko a mai 34 kusan milimita 48 ne, a tawa kusan 43, kuma wayoyin ba su da tauri. Muryarta tana da kauri, amma babbar wayar ba ta fita tsaf kamar ta doguwa. Abin da nake so ka sani kafin ka yi sha'awa shi ne wahalar waya. Wayoyin da ake samu a shago kusan duk na mai 34 ne. In ka ɗaura su a gajera, wurin mai kauri yana naɗewa a kan abin murɗa waya, yana iya tsinkewa. Ni sai na yi saƙo Legas ko Kano. Kai da kake Zuru ka yi tunanin wannan.

Kuma ciwon yatsun nan naka ba ƙanƙantar hannu ba ce, tunda da damina ba ka yi kuka ba. Ka gyara saiti tukuna. In za ka kama firet na farko-farko, ka riƙa amfani da manuniya da ɗan ƙaramin yatsa kana matsar da hannu gaba ɗaya, maimakon ka riƙa buɗe yatsu da ƙarfi.

Wani memba, daga Talata Mafara

Ni man gyaɗa nake shafa wa allon tawa in ta bushe, kuma tana sheƙi.

Dattijon Birnin Kebbi

A'a ɗana, ka daina. Man girki yana lalacewa a cikin itace, ya yi wari ya yi danƙo, ƙura ta manne. In allon baƙi ne ko ruwan ƙasa wanda ba a fesa ba, ɗigo kaɗan na farin man da ake sayarwa don allon jita ya isa, sau ɗaya ko biyu a shekara, a goge shi tas. In farin maple ne mai banish, ba ya buƙatar mai ko kaɗan, tsumma kawai. Mai ma ba ya mayar da laima. Abin da ke taimako shi ne jita ta kwana a cikin jakarta, da ɗan soso mai danshi a cikin robar sabulu da aka huhhuda, ba tare da ya taɓa jikinta ba. Masu ƙera jita suna son laimar iska ta tsaya tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, mu kuwa da hunturu takan faɗi ƙasa da 20. Da damina ka cire soson. Da bazara kada ka bar ta cikin mota ko jingine da bangon da rana ke duka, kuma ka goge gumi daga wayoyi duk lokacin da ka gama.

Mai tambaya

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na auna, inci 17 ne, ashe mai 34 ce. Katin ATM ya shige har da sauran wuri. Na fasa maganar fenti da ta kafinta. Sai dai Baba, alankin da na aro yana ɗan yin sako-sako a cikin ramin, kuma da na gwada murɗawa sandar ta ƙi motsi. In ƙara ƙarfi?

Dattijon Birnin Kebbi

Kada ka ƙara. Alanki mai sako-sako shi ke cinye bakin sandar, in ya cinye kuma aikin ya zama babba. Jitocin da ake yi a Asiya yawanci milimita 4 ko 5 suke ɗauka, na Amurka kuwa da awon inci suke, kamar 3/16, kuma ba sa maye gurbin juna. Ka ɗauki jitar ka je wajen mai sayar da kayan aikin makanikai, a gwada har a samu wanda ya zauna daram. Sannan ka sassauta wayoyin sosai, ka fara murɗawa baya kaɗan don ta saki, kafin ka dawo gaba. In za ka ɗaure, ka sa wani ya riƙe maka jikin jitar a kan tebur, kai kuma ka ɗan danna kan wuyan baya da hannu ɗaya don ka rage wa sandar nauyi. In duk da haka ta ƙi, ko ka ji tana ƙara, ka tsaya nan, ka turo mana hoton ramin da haske a ciki mu gani ko bakin ya riga ya ci.