Ina zan sami takardun asali kan noman auduga a ƙasar Funtuwa?

Ɗalibin Tarihi ya rubuta:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa ɗalibai. Ina shekarar ƙarshe a sashen tarihi, kuma kundina zai duba noman auduga da biyan haraji a ƙasar Funtuwa tsakanin 1920 da 1940. Malamin da ke duba aikina ya ce babin da na kai masa ya dogara kacokan a kan littattafan da wasu suka rubuta daga baya, alhali abin da yake so shi ne takardun da aka rubuta a wancan zamanin. Laburaren jami'armu yana da sashen adana tsofaffin takardu, amma da na nemi sunan Funtuwa a jerin abubuwan da ke ciki, abin da na samu bai taka kara ya karya ba. Ina roƙon wanda ya taɓa irin wannan aiki ya nuna mini inda zan fara.

Malamar Laburare ta amsa:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ina kyautata zaton sunan da ka nema da shi ne ya hana ka samun abin da kake so. Turawan mulki sun tsara takardunsu ne bisa lardi da gunduma, kuma a wancan lokaci Funtuwa tana cikin gundumar Maska, shi ya sa har yau hakimin Funtuwa yake riƙe da sarautar Sarkin Maska. Don haka ka nemi Maska tukuna, sannan ka gwada tsohon rubutun sunaye, domin a takardun farko za ka ga an rubuta Katsena a maimakon Katsina.

Akwai kuma abin da ya fi wannan rikita ɗalibai. Ƙasar Katsina tana ƙarƙashin Lardin Kano har zuwa 1926, aka mayar da ita Lardin Zariya, sai a 1934 ta zama lardi mai cin gashin kansa. Shekaru ashirin ɗin da ka zaɓa sun ratsa larduna uku ke nan, kuma wanda ya tsaya kan rahotannin Lardin Katsina kaɗai zai rasa fiye da rabin zamanin da yake nazari.

A laburaren jami'a ka tambayi ma'aikacin sashen kai tsaye, ka gaya masa gunduma da shekaru, domin ba duk abin da ke kan kanta ne aka shigar da shi kwamfuta ba. Ka nemi rahotannin shekara-shekara na Lardunan Arewa da gazet na gwamnati. Ka kuma ɗauko tsofaffin kundayen digiri na biyu da na uku da aka yi a kan Katsina. Su kansu ba takardun asali ba ne, amma a ƙarshensu akwai lambobin fayilolin da masu su suka karanta, kuma waɗannan lambobi za su rage maka wahala ƙwarai.

Tsohon Ɗalibin Samaru ya amsa:

Abin da Malama ta faɗa daidai ne, sai dai ina ganin ya kamata ka sa a ranka tun yanzu cewa laburaren jami'a ba zai wadatar da kai ba, dole ka je Kaduna. A Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke can ake ajiye fayilolin larduna, waɗanda aka yi wa lakabi irin su KANOPROF, ZARPROF da KATPROF, tare da na ofishin Sakataren Lardunan Arewa masu lakabin SNP. Abin da zai fi yi maka amfani shi ne rahoton da Di'o ko mataimakinsa yake rubutawa bayan ya zaga gunduma domin yanka haraji, saboda a ciki ake kawo yawan mutanen kowane ƙauye, da irin amfanin da suke nomawa, da farashin kaya a kasuwa. Ka nemi fayilolin da suka ambaci kamfanin auduga na BCGA, da waɗanda suka shafi layin dogo na Zariya zuwa Ƙaurar Namoda, wanda ya bi ta Funtuwa aka kuma kammala shi a 1929. Gidan Arewa ma, cibiyar adana takardun tarihi da bincike wadda Jami'ar Ahmadu Bello take kula da ita, yana cikin garin Kaduna. Ka tafi da takardar gabatarwa daga sashenku, kuma duk fayil ɗin da ka buɗe ka fara rubuta lambarsa da takensa da shekararsa kafin ka kwafi komai daga ciki.

Malam Mai Koyar da Tarihi ya amsa:

Ni damuwata tana ga abin da zai biyo bayan ka sami fayilolin. Ɗalibai da yawa suna ɗaukar duk abin da Bature ya rubuta a matsayin gaskiyar da ba ta da ja, don kawai takardar ta tsufa. Wanda ya rubuta rahoton haraji yana da Razdan a samansa da yake so ya gamsar, alƙaluman da ya kawo kuwa sun biyo ta hannun hakimi da dagatai da tafinta, manomi kuma yana da dalilinsa na ɓoye yawan gonarsa ga mai yanka masa haraji. Idan rahoto ya ce manoma sun ƙi kai auduga kasuwar kamfani saboda lalaci, sai ka bincika ko masaƙan gida da fatake sun fi kamfanin biyan kuɗi ne a wannan shekarar, domin an daɗe ana wannan gasa a ƙasar Hausa.

Saboda haka ka haɗa da muryar mutanen ƙasar. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Janairun 1939, za ta kama maka ƙarshen zamaninka, musamman wasiƙun masu karatu. Wasiƙun hakimai da kundayen alƙalai na En'e da yawansu da Larabci ko ajami suke, idan ba ka iya karanta su ba ka nemi malamin zaure ya zauna da kai. Sannan ka je Maska da Funtuwa da Bakori ka tattauna da dattawan da iyayensu suka yi wannan noma, ka rubuta sunan kowa da shekarunsa da ranar da kuka yi hirar, da izininsa.

Ɗalibin Tarihi ya sake rubutawa:

Allah ya saka muku da alheri. Zan koma laburare da sunan Maska, in tattara lambobin fayiloli daga tsofaffin kundaye kafin in nemi takardar zuwa Kaduna. Malam, idan rahoton Di'o da bayanin dattawa suka saɓa wa juna a kan abu ɗaya, shin in kawo su duka biyun a cikin babin ne, ko in zaɓi wanda hujjarsa ta fi ƙarfi?