Abin da na tsinta a hirarmu kan binciken cin zarafi a cikin gida

Jama'a ga shawarwarin da suka fito kan yadda malaman jami'a da mutanen gari za su yi wannan bincike tare, na haɗa su a taƙaice. Abin da aka fi nanatawa shi ne malaman jami'a su daina zuwa da tambayoyinsu a shirye, a zauna da mutanen gari tun farko, musamman matan da abin ya taɓa shafa, su ma su faɗi me suke so a bincika, kuma a biya su ladan lokacinsu don ba aikin banza suke yi ba.

Maganar tsaro ce ta fi ɗaukar mu lokaci, kuma wallahi ta cancanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mace 1 cikin 3 ta taɓa fuskantar duka ko cin zarafin jima'i, to wadda ake yi wa tambaya ƙila da mai dukan nata take kwana. Shi ya sa ƙa'idojin hukumar na 2001 suka ce mace ɗaya tak za a tambaya a gida, ita kaɗai a keɓe, in wani ya shigo a canza magana zuwa batun lafiya, kuma kar a fara sai an tanadi inda za a tura ta in tana neman taimako. Masu tambayar ma a kula da su, jin irin labaran nan kullum yana cin rai.

Sai sakamako, a dawo da shi cikin harshen mutane kafin a buga, sunan ƙungiyar al'ummar da aka yi aikin da ita ya fito tare da na malamai.