Mayar da birkin baya daga dram zuwa faifai: wace kalifa zan ɗauka?

ƊanKwana:
Assalamu alaikum. Ƙaramar mota ce mai ja da gaba, nauyinta wajen kilo 1,050, birkin gaba faifai, na baya dram, babu ABS (na'urar da ke hana taya kullewa in an taka birki). Ina son mayar da bayan faifai. Na samu kalifa (abin da ke matse faifan birki) iri biyu, mai fistin milimita 34 da mai 38. Wacce ta fi, kuma me da me zan haɗa?

Sifana17:
Wa alaikumus salam. Ɗauki mai 34, ɗan'uwa. Idan ka taka birki da ƙarfi, nauyin mota gaba yake komawa, baya ya yi sakayau. A irin wannan mota tayoyin gaba ke ɗaukar kusan kashi 70 zuwa 80 na aikin. Milimita 4 ɗin nan da kake gani kamar ba komai ba, faɗin fuskar fistin ya ƙaru da kusan kashi 25 cikin ɗari ke nan, ƙarfin matsa ma haka. In ka sa mai 38, tayar baya ta riga ta gaba kullewa, musamman a kwana ko a jiƙaƙƙiyar kwalta, sai mota ta yi katantanwa, sitiyari kuma ba zai cece ka ba.

TsohonBakanike:
Gaskiyar Malam Sifana. Hanya mafi tsafta ita ce ka kwaso kayan ƴar'uwarta da kamfani ya yi da faifai a baya: kalifa da mariƙinta, faifai, hob (inda faifai da taya ke zama) da boris, tiyo, wayar hambirki, da bawul mai rage matsin man birki da ke zuwa baya. Wayar dram ba ta shiga kalifa, bakinta daban ne. Bawul ɗin kuwa shi mutane suka fi mantawa, alhali na dram ba a saita shi don faifai ba.

Duba masta ma, wato famfon man birki da feda ke dannawa. Wasu tsofaffi suna da ɗan bawul da ke riƙe matsi kamar psi 10 a layin dram. Aka bar shi, fad (takalmin birki na cikin kalifa) zai riƙa gugar faifai har rim ya ɗau zafi.

Wajen ɗaurawa, kankare tsatsar fuskar hob tas, in ba haka ba faifai zai zauna a karkace, feda ta riƙa rawa, a ɗora wa faifai laifin da ba nasa ba. Karkatar kada ta wuce milimita 0.05. Notin fitar da iska ya kalli sama. In ya kalli ƙasa, ka musanya dama da hagu, ko kwana za ka yi kana famfo iskar ba za ta fita ba. Fistin kalifa mai hambirki a jikinta kuma murɗa shi ake yi ana dannawa, matsa shi kai tsaye yana lalata zaren ciki.

Af, an sassauke motar, wato an rage mata tsayi? In tana da bawul mai auna lodi a gindin baya, zai ɗauka an yi mata kaya ne, ya ƙara tura man birki baya. Sai an sake saita shi.

MaiTayaHuɗu:
Ni dai a ganina, in burinka rage tazarar tsayawa ne, taya mai kyau da fad ɗin gaba sun fi wannan aiki. Ribar faifai a baya ita ce saurin hucewa da sauƙin gyara. Ka zuba sabon man birki DOT 4, wanda sai ya kai aƙalla digiri 230 na Celsius yake tafasa, ko DOT 5.1 mai 260. Lita ɗaya ta isa wanke layi duka. Kada ka kusanci DOT 5, na silikon ne, ba ya gauraya da su.

ƊanKwana:
Na gode, manya. Yaya zan gane saitin ya yi daidai?

TsohonBakanike:
Fara da zaunar da fad: daga kilomita 100 a awa ka sauko zuwa 20, sau takwas zuwa goma, ba tare da tsayawa cak ba, sannan ka yi tafiyar minti goma ya huce, kuma kada ka ja hambirki da zafinsa. Daga nan ka samu fili babu kowa, a gudun 40, wani ya tsaya gefe yana kallo, ka taka har taya ta ja. Na gaba ya kamata su fara kullewa. In na baya suka riga, sa bawul mai saitin hannu a layin baya, ka riƙa ragewa rabin juyi rabin juyi kana sake gwadawa.